Hannuwan da Ke Bayan Zana

Djamboutou, Garoua

Zuwa ga 'yata Rabi,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Allah ya kai ki Rey Bouba lafiya, ya sauke ki a hannun mutanen kirki, ya kiyaye ki daga sharrin hanya da na ruwan da cikinki bai saba da shi ba. To, na yi gaisuwa. Yanzu amsa mini wannan: ranar da kika tsaya gaban 'yan ƙungiya kika ce wanda ya yarda ya ɗaga hannu, hannuwan su wa za ki ƙirga? Waɗanda idonki ya faɗa a kansu, ko kuwa za ki taka da ƙafarki ki je neman sauran? Kada ki yi dariya. Shekara goma sha biyu ke nan tambayar nan tana bina, kuma na gaji da ɗaukarta ni kaɗai.

Na san za ki yi mamakin takarda daga mutumin da ƙofar ɗakinsa ke kallon taki. Ai kin san bakin Baffanki. In na zaunar da ke don nasiha, kafin shayi ya huce ta zama faɗa, ke ki tashi da fushi, ni in tashi da kunya. Takarda kuwa ba ta ɗaga murya. Shi ya sa na cusa ta cikin manyan takardun nan naku na horo, inda na tabbata za ki gan ta kafin ki kama hanya. Shekara goma sha uku kacal na girme ki, a kasuwa ma wasu yayanki suke ɗaukata, amma tun da Allah ya karɓi ran Yaya Musa, ni ne uban da ya rage miki. Ba ki zaɓa ba, ni ma ban zaɓa ba. Ki daure ki karanta har ƙarshe.

Abin da ya sa ni ɗaukar biro, shekaranjiya ya faru. Kina ƙarƙashin darbejiya kina gwada yadda za ki koya wa manoman can ajiya da rance da haƙƙin ɗan ƙungiya, Faransanci na zuba daga bakinki kamar an kunna rediyo. Innarki na gefe tana ɓarar gyaɗa. Sai ta tambaye ki, wai in mutum ya kai kuɗinsa asusu, aka ɗauka aka ranta wa wani, da iznin wa aka yi. Kika ja ɗan tsaki, kika ce wannan ai abu ne mai sauƙi, yana shafi na huɗu a takardun horonki. Ta ci gaba da ɓararta. Ke ba ki ga fuskarta ba, ni na gani. Tsakin nan kuma na san shi, nawa ne. A gidan nan kika tsince shi.

Kin san ban taɓa zama a bencin lakwal, makarantar boko, ba. Kakanki ya ce jikan fataken Kano ba ya buƙatar karatun Nasara kafin ya auna yadi, sai ya kai ni allo, kuma na gode masa. Boko kuwa ƙwatarsa na yi. A jikin buhun taki na fara, da kwalin sabulu, da guntayen jaridar da mai tsire ke naɗe nama a ciki. In cinye naman, in goge man, in karanta takardar. Duk wanda na gani da biro a aljihu sai na tsare shi da tambaya har ya nemi hanyar gudu. Kafin in cika ashirin ina karanta takardar buro, wato ta ofis, ba gargada, ga Fulatancin kasuwa, ga Hausar gida. Amma karatun da mutum ya ƙwato da ƙarfin tsiya da cutarsa yake zuwa. Sai ka riƙa ganin duk wanda bai iya ba, ragwanci ne ya hana shi. Na raina mutane, Rabi. Na raina waɗanda suka goya ni. Ke da kika samu naki karatun da takardar shaida da hatimi, ban san wace cuta ya zo miki da ita ba, amma ki binciki kayanki kafin ki sauka daga mota.

Kina ƙarama lokacin, ba za ki tuna yadda garin nan ya koma ba. An zabtare albashin ma'aikata, masu sayen yadinmu suka koma yi wa tsohuwar riga faci. Wasu bankunan suka rufe ƙofa da kuɗin mutane a ciki. Shi ne 'yan unguwa suka ce mu kafa asusu namu na kanmu, kowa ya sa hannun jari, a ba shi karne, ɗan littafin asusu, ya riƙa ajiya, in ya matsu ya ranta. Aka yi Alhaji Buba dillalin shanu perzidan, wato shugaba, don shi ke da furfura, shi ke da rumfa mai faɗi a ƙofar gida. Ni aka yi ni tafinta, kuma mai riƙe biro. Mata suka shigo da yawa har suka fi maza: masu man gyaɗa da ƙuli, masu koko, masu daddawa. Su dama sun ƙware a adashi tun ba a haife ni ba, kuma su ne ba sa fashin zubi. In za a faɗi gaskiya, abin da ke cikin akwatin nan yawancinsa ƙanshin man gyaɗa yake yi.

In za a yi taro, sai a kafa zana a tsakiyar rumfar, zanar da ta fi mutum tsayi. Maza a gaba kan tabarmi, mata a baya, ta wajen da injin niƙan maƙwabta ke ruri. Ba wanda ya tsara haka da mugunta. Haka ake yi a suna, haka ake yi a wa'azi, ba wanda ya ga abin da zai sa taron asusu ya bambanta. Ni ina tsaye a gaba, ina ganin hulunan maza, matan kuwa sai dai in ji tarinsu da kukan goyonsu.

Ga kuskurena na farko. Aka turo mana malamin horo, irin aikin da za ki yi yanzu, mutumin kudu ne mai gilashi, mai haƙuri, ba ya jin Fulatanci balle Hausa. Kwana biyu yana bayani. Ya ce kowane ɗan ƙungiya murya ɗaya gare shi, ko jarinsa ɗaya ko goma, ko mace ko namiji. Ya ce kowa na da ikon cewa a buɗe masa babban littafi, in bai iya karatu ba ya zo da wanda ya amince da shi. Ya ce rance babba ba ya fita sai mafi yawan 'yan ƙungiya sun yarda. Ya ce in shugabanni sun ƙi kiran taro, 'yan ƙungiya na iya haɗuwa su kira da kansu, har su sauke wanda suka ɗora. Duk ya faɗa, da kunnena na ji. Ni kuwa sai in bar shi ya yi ta zuba, in ya tsaya shan iska in juya in ce wai ya ce ku riƙa zubi a kan lokaci, ku biya rance, ku girmama shugabanni. Sau ɗaya ya dube ni ta saman gilashi, ya tambaya ko iyakar abin da ya faɗa ke nan. Na ce masa harsunanmu ba su da tsawo irin nasu. Ya yi dariya, ni ma na yi.

Ba wanda ya ba ni ko dala don in yi haka. Da ma an ba ni, da na samu wanda zan ɗora wa laifin. Zafi ake yi, yunwa nake ji, kuma a raina na riga na yanke cewa mai ƙuli ba ta da abin yi da babban littafi. Na miƙa musu nauyin da ke kansu cif, na haɗiye haƙƙinsu. Saboda haka ki ji: a ƙauyukan da ba Fulatanci suke yi ba za a haɗa ki da tafinta. Kada ki saki jiki da shi, ko da ɗan limami ne. Inda ke ce tafintar kanki kuma, kada ki saki jiki da kanki. In kin gama bayani, ki nemi wata tsohuwa daga can baya ta maimaita miki abin da ta ji. Abin da ta faɗa shi kika koyar, ba abin da ke takardarki ba. Kuma ki fara da haƙƙi kafin nauyi, don nauyi ba ya rasa mai tuna wa talaka shi.

Za su tambaye ki abin da ake ɗorawa a kan rance, ko ya halatta. Ni ce musu na yi ɗan goro ne kawai, na wuce. Ke kada ki ɓoye, kada kuma ki yi fatawa, ba ki da rawani. Ki zuba gyaɗa a faifai ki nuna musu, ga abin da ka karɓa, ga abin da za ka mayar, ga ranar. Su ɗauka su kai wa malamansu, kowa ya shiga da idonsa a buɗe ko ya fasa.

Sai shekarar da aka karya darajar kuɗinmu sefa ta zo. Kowa ya ga kuɗinsa na nan a hannu amma ba ya sayen abin da ya saba, aka kuma ce shanu sun yi daraja a kudu. Alhaji Buba ya kira taro da hantsi ya kawo magana: surukinsa zai sayi shanu, a kora su Ngawundere, a loda a jirgin ƙasa, a sayar a kudu, cikin wata biyu kuɗi ya dawo da 'ya'yansa. Abin da ake nema kusan duk abin da ke asusun ne. Ya ce hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka, maza suka gyaɗa kai. Ni kaina abin ya burge ni, har gishiri na ƙara masa wajen fassara.

Sai murya ta fito daga bayan zana. Goggo Hajara ce, mai man gyaɗa ta kusa da famfo, wadda har yau kike kai wa tuwon sallah. Lokacin tana tara kuɗin ɗan injin matse mai ne, don kafaɗunta su huta da tuƙin tunkuza a turmi. Sai da ta yi gyaran murya sau biyu kafin a ji ta.

"Ɗan nan, tambayar mini Alhaji. In shanun suka mutu a hanya, kuɗin wa ya mutu?"

Ban tambaye shi ba. Ko waiwayarsa ban yi ba. Na ce, "Goggo, bar wa masu shanu maganar shanu. In an zo kan ƙuli za mu neme ki."

Maza suka kwashe da dariya, har wani ya miƙo mini hannu muka tafa. Na ji daɗi, Rabi, wannan ne abin da ya fi damuna. Na ji daɗi har cikin ƙashina.

Aka ce wanda ya yarda ya ɗaga hannu. Na ƙirga hannuwan da ke gabana, wasu na cewa min jaɓi da Fulatanci, wasu na cewa mun yarda. Sai na ce wanda bai yarda ba fa, don haka aka saba faɗa, kamar yadda ake tambayar lafiya ba don a ji cuta ba. Ba hannu ko ɗaya a kan tabarmin maza. Wa zai ɗaga, a rumfar mutum, yana kallonka, ga ruwansa ka sha? Na rubuta da Faransancina mai kyau cewa an yarda baki ɗaya, har na ja layi a ƙasa. Sannan na tura takardar halarta ta ƙarƙashin zana tare da tawada, kamar kullum. Ta dawo cike da dangwale, gefenta duk ya yi naso da mai. Na haɗa ta da waccan na manne. Takardar da ke cewa sun zo ta zama takardar da ke cewa sun yarda.

Daga wannan ki ɗauki abu biyu ko uku. Kada ki yi taron asusu a rumfar mai kuɗi. Ki nemi filin lakwal ko gindin bishiya, inda ba a sha ruwan kowa ba. In maganar mai nauyi ce, ki bar ɗaga hannu. Ki ba kowa ƙwayar gyaɗa ɗaya, ki ajiye ƙwarya biyu a bayan katanga, ta yarda da ta ƙi, kowa ya je shi kaɗai ya jefa. Gyaɗa ba ta jin kunyar Alhaji. Kuma kada yatsa ya taɓa takarda a gabanki sai an karanta wa mai yatsan abin da ke ciki da harshen da yake mafarki da shi. Mutanenmu dangwala wa maƙwabci lamuni suke yi kamar aron tsintsiya, don kada a ce sun yi rowa. Ki gaya musu ƙarara: wanda ya tsaya wa wani, in wancan ya faɗi, shi za a kama.

Wata biyu ya zama huɗu, surukin bai dawo ba. Wasu suka ce ciwo ya faɗa wa garken kafin Ngawundere, wasu suka ce an gan shi a kudu da sabuwar mota. Har yau ban san gaskiyar ba, kuma ba zan ƙaga miki ba. Abin da na gani da idona, mata suna zuwa da karne a hannu ana ce musu su dawo jibi. Nan na yi kuskuren da ya fi kama da ni. Na hau benci a kasuwar unguwa na ce tunda babban mai rance bai biya ba, kada ƙarami ya biya ko dala. Bakina na da kaifi, mutane na cike da haushi, maganar ta bazu kafin azahar. Masu ƙananan rance, waɗanda da sun biya da an samu abin sallamar wasu daga cikin matan nan, duk suka noƙe. Ina ganin Alhaji nake horarwa, ashe Goggo Hajara nake ƙara yi wa sata.

Mutum ɗaya ya ƙi bina, mahaifinki. Ya sayar da keken ɗinkinsa na biyu ya kai abin da ke kansa, alhali kowa na ganin asusun na shure-shuren mutuwa. Na kira shi wawa a tsakar gidan nan, a gaban Innarki, wan da ya goya ni. Bai ɗaga murya ba. Ya ce, "Sale, ba daga aljihun Alhaji na ranta ba. Daga turmin matan nan na ranta." Ya shige ɗaki. Kullum ina cewa gobe zan ba shi haƙuri, har goben ta zo babu shi.

Don haka in kin koya musu haƙƙi, kada ki tsaya nan. Za ki haɗu da irina a kowane ƙauye, saurayi mai baki da zai ce kuɗin asusu na gwamnati ne ko na Nasara, a ci banza. Ki nuna masa matar da ke zaune kusa da uwarsa, ki ce nata ne. Ki gaya musu zuwa taro ma nauyi ne, tambaya ma nauyi ce. Wanda ya zauna a gida ya ce ya bar wa manya, ya ba da muryarsa kyauta ga wanda zai sayar da ita.

Da asusun ya mutu, na tare Alhaji Buba a kasuwar shanu na faɗa masa abin da ba zan rubuta wa 'yata ba. Washegari aka kira ni buron jandarma. Can Alhajin ya zaro takarda daga aljihun babbar riga ya shimfiɗa a tebur. Rubutuna ne, ga layin da na ja, ga dangwalen mata da nason mai. Ya ce shi ko dala bai fitar ba sai da yardar jama'a, ga mai biron nan a tambaye shi. Kwana biyu na yi a tsare a can, mahaifinki, wanda na kira wawa, shi ya yi ta zirga-zirga har aka sake ni. Sai daga baya na zauna na karanta littafin dokokin asusun daga bango zuwa bango, abin da ban taɓa yi ba duk tsawon tafintancina. Hanyar da ya kamata mu bi tana ciki: mu haɗu mu kira taro, mu sa a buɗe littafi, mu nemi mai bincike daga waje. Ni na zaɓi ihu. Fushi abinci ne mai ƙosarwa nan take, Rabi, amma kafin la'asar yunwar ta fi ta da.

Ranar da na dawo gida Innarki ta kawo mini kunu, ta tsaya a bakin ƙofa, abin da ba ta saba ba. Ta ce akwai maganar da take so in sani, ba don ta ƙara mini zafi ba.

"Ranar nan da ka ce wanda bai yarda ba ya ɗaga hannu, mun ɗaga, Sale. Dukanmu. Goggo Hajara ta fara, muka bi. Muka riƙe su a sama muna jiran a zagayo a ƙirga, har muka ji an shafa fatiha."

Na tambaye ta abin da ya hana su magana. Ta ce ai ɗaya ta yi, kuma sun ji abin da aka mayar mata.

Sun fi mu yawa, Rabi. Da na yi taku goma, ko in ce ɗaya daga cikinsu ta ƙirga ta faɗo mini, da kuɗin nan bai fita ba. Taku goma. Ke ma kina can ranar, 'yar shekara tara, riƙe da zanen Innarki. Ta ce da kika ga kowa ya ɗaga, ke ma kika ɗaga naki. To, matar da kika ja wa tsaki shekaranjiya ta san amsar tambayarta tun kina wasan 'yar tsana. Ba shafi na huɗu take nema ba. So take ta ga ko 'yarta za ta tsaya ta amsa wa mai gyaɗa.

Ban ce ki je Rey ki yaga zana ba. Can girmama manya ya fi namu nan, in kika yi gaggawa mazan za su hana matan fitowa, ki koma koyar da tabarmi. Amma kina da abin da ni ban da shi: ke mace ce, kina iya zagayawa baya ba wanda zai ce kin yi rashin kunya. Ki zagaya. Ki cire takalman nan naki masu ƙwas-ƙwas ki zauna a ƙasa, ki sake darasin tun daga farko, ko da za ki kai yamma. Abin da nake jin tsoro shi ne ki tsaya gaban maza da Faransancinki, a tafa miki, ki ji daɗin da na ji.

Goggo Hajara ba ta sayi injin ba. Ta ci gaba da tuƙi a turmi har kafaɗar ta ƙi. Hannun daman da ta ɗaga ranar, yau ko ɗankwali ba ta iya ɗaurawa da shi. Ba ta taɓa zagina ba, da ta zage ni da na samu sauƙi. In na wuce ƙofarta sai ta ce, malam tafinta, an zo kan ƙulin ne? Ta yi dariyarta. Karnenta na nan a leda cikin kwalla, ta nuna mini bara. Ta ce ba kuɗin take jira ba, ta san ya bi shanu. Ta ce ita dai ta yi tambaya a gaban mutane, kuma har yau ba a amsa mata ba.

Na gaji, 'yata. Ban kai arba'in ba amma ji nake kamar na yi dako daga nan zuwa Ngawundere a ƙafa. Na gaji da jin haushin mutane, na gaji da jin haushin kaina. Ki riƙe salla, ki tafasa ruwa kafin ki sha, kada ki hau moto, babur ɗin nan, in mayo, wato rafi, ya kawo ruwa. Kada ki ci abincin perzidan ɗin kowace ƙungiya fiye da sau ɗaya. Kafin ki shiga mota ki durƙusa ki ba Innarki haƙuri, kada ki ce gobe. Allah ya tsare gabanki da bayanki, ya sa ki fi Baffanki haƙuri, ya ba ki zuciyar mahaifinki, Allah ya jiƙansa, ya dawo mana da ke lafiya.

Saura magana ɗaya. Kin ji ana shirin kafa sabon asusu a unguwa bayan Babbar Sallah. A rumfar nan dai za a yi taron, kuma Alhaji Buba aka ce za a naɗa uban ƙungiya, wai don albarkar furfura. Na riga na sa jarina, saboda haka ina da murya ɗaya, kuma wannan karon na san abin da ake yi da ita. Ba benci zan hau ba, ba zagi zan yi ba. Zan miƙe in faɗa wa jama'a cewa layin da na ja a takardar nan ƙarya ne, in nemi gafarar matan da sunayensu, ɗaya bayan ɗaya. Ki nemi izni a wurin aikinki ki zo, ke za ki tsaya a bayan zana ki ƙirga. Ni zan ɗauko Goggo Hajara da kaina, ke ki tallafa mata hannun ta ɗaga. Sannan, kafin a naɗa kowa komai, Alhaji Buba ya miƙe a gaban maza da mata, da rana tsaka, a kashe injin niƙan nan kowa ya ji, ya amsa abin da na hana a tambaye shi: in shanun suka mutu a hanya, kuɗin wa ya mutu?

Baffanki,
Sale